Katakon da Ya Danne Sumana

Ranar Juma'a ce, cikin bazarar shekara ta biyu da samun 'yancin kai. Mutanen unguwar Katako ta Yamai suna dawowa daga masallaci, tabarmi a hammata, sai suka ji ihu daga filin da Alhaji Shu'aibu yake sayar da katako. Waɗanda suka fara shiga sun tarar da Bulus kafinta durƙushe a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, yana kokawa da wani dogon katako, hannuwansa jina-jina. Lodin da motar ta kawo daga Dahome da safe ya zube baya gaba ɗaya, kai ɗaya a ƙasa, ɗaya jingine da gindin motar. Ƙarƙashinsa kuwa Sumana ne, mai gadin filin, ƙafarsa ɗaya kawai ake gani.

Sai da mutum goma sha biyu suka kama kafin a jawo shi. Ya riga ya cika.

Wani ya hau bayan motar ya sauko da igiya a yanke, da gizago mai sunan Bulus a ƙotarsa. Wani ya tuna cewa ranar Laraba an ji su suna cacar baki, don Sumana ya hura wutar shayi da guntayen da Bulus ya ajiye zai yi wa coci benci. Wani kuma ya tambaya, ban da Kirista, wa ke zama a fili lokacin salla? Kafin a ce mene ne wannan, an fara tsintar duwatsu.

Abdulaye, shugaban 'yan dako, shi ya fizgi Bulus ya jefa shi cikin mangazar kwano, ɗakin ajiyar kaya, ya ja ƙofa, ya tsaya a bakinta da ƙirjinsa. Alhaji ya sa aka rufe babbar ƙofar filin da sarƙa, ya aika komisariya, ofishin 'yan sanda.

*

Motocin komisariya duk sun fita rakiyar baƙi, sai la'asar za su dawo. Abin da aka samu aka turo shi ne ɗan sanda ɗaya da Illo.

Illo mutumin Dogon Dutsi ne, ya kai shekara sittin. Ya yi shekaru yana bin sawun ɓarayin raƙuma tun zamanin Nasara, da aka sami mulki sai aka kawo shi Yamai, aka ba shi benci a bakin ofis. Bai iya karatu ba, kuma birni bai karɓe shi ba, don ƙasar birni kafin ka duba ta an tattake.

Da ƙyar suka kutsa. 'Yan uwan Sumana sun taso daga bakin kogi, sun cika hanya, suna cewa ba za a rufe gawa ba sai an miƙo musu mai gizago. Da aka mayar da sarƙa bayansu, Illo ya dubi katangar da ta kewaye su, ya ga babu wata mafita sai wani tsukin rami a can baya inda ruwa ke fita da damina. Ya dubi ƙasa. Sawu a kan sawu, takalmi a kan tafin ƙafa, ko'ina.

Ya ce, "Alhaji, kun kashe mini ƙasa."

Alhaji Shu'aibu ya share gumi. "Baba Illo, mutum muke ceto, wa ya tuna da ƙasa? Shekara goma sha tara Sumana yana tare da ni. Ni dai a fitar da wancan daga filina da ransa, sauran na hukuma ne."

An shimfiɗe gawar a inuwar rumfa an rufa mata zane. Matarsa Hamsatu na zaune gefe, ba ta kuka, tana dai kallon ƙafarsa. Illo ya tsuguna ya ce mata, "Kala suru," yana ba ta haƙuri da ɗan Zabarmancin da ya tsinta. Ya tambaye ta me ya hana mijinta zuwa masallaci.

"Ƙafarsa ta kumbura tun jiya. Na ce ya zauna gida, ya ƙi. Ya ce zai kwanta a inuwa."

*

Abdulaye ya matsa ya ba Illo hanya. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, ya ɗaure kansa da tsumman gammo har bisa gira yadda 'yan dako ke yi don gumi. Illo ya shiga mangaza aka mayar da ƙofa.

Zafin ciki kamar tanda. Babu taga, sai hasken da ke shigowa ta hudar ƙusoshi. Bulus yana zaune kan buhun siminti, leɓɓansa sun bushe, numfashinsa sama-sama. Duk sa'ad da dutse ya faɗo kan kwanon daga waje sai ya zabura.

"Gizagonka ne?"

"Nawa ne, Baba. Abdu direba ya are shi da hantsi, ƙullin igiya ya ƙi kwantuwa."

"Mi ka ji?"

"Rumfata tana can ƙarshen fili, jikin katangar mai injin niƙa. In injin nan na aiki ko kiran sunana ba na ji. Ƙasa na ji ta girgiza, na ajiye zarto na zagayo. Ban ga kowa ba." Ya kama hannun Illo. "Mun yi faɗa, gaskiya ne. Amma washegari shi ya kawo mini shayi. Baba, matata tana da tsohon ciki. Ko mutuwa zan yi, kada in mutu cikin akwatin nan."

Illo ya sa aka miƙo masa ruwa, ya fita bai yi masa alkawarin kome ba.

*

Abdu direba saurayi ne mai takalmin soja da tabarau. Yana tsaye nesa da motarsa, yana shan sigari ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ari gizago?"

Abdu ya ce, "Na ara. Na yanke igiya ɗaya, na bar sauran."

"Alhaji ya ce sai bayan salla za a sauke kaya. Don mi ka yanke tun hantsi?"

"Haka muke yi. A kwance igiya, a sauke marfin baya, in an dawo sai aiki."

"To ka ce ka bar sauran."

Abdu ya jefar da sigarin. "Ban tuna ba. Ni dai na kashe mota a nan, na tahi masallaci, sahu na biyu, bayan liman. A tambayi kowa. Mota ba ta motsa ba."

Illo bai tambaye shi ko mota ta motsa ba. Ya lura da wannan, ya ajiye a ransa. Ya sa ɗan sandan ya bi mutane, mutum huɗu suka rantse sun ga Abdu a sahu na biyu tun kafin huɗuba, ɗaya ma kafaɗarsu na gugar juna. Zargin da Illo ya fara ginawa ya rushe nan take.

Rana ta fara karkata. A waje an koma dukan ƙofa da itace.

*

"Baba, in ka ba ni izini in yi magana."

Wani siririn mutum ne cikin farar riga mai gajeren hannu, yana riƙe da keke. Ya ce sunansa Ishaku, daga wajen Maraɗi, yana koyar da lissafi da ilimin motsi a wata kwaleji a unguwar Filato. Bulus ƙanin matarsa ne. Ya zo karɓar wata 'yar amalanken katako da Bulus ya sassaƙa masa don darasi, aka rufe ƙofa da shi a ciki.

Illo ya kira shi yadda ake kiran malaman boko, ya ce, "Mushe, surukinka ne. Duk abin da za ka ce, za a ce don shi ka faɗa."

"To kada ka ji tawa. Ka sa a gwada."

Ya kai Illo wajen wani tarin katako da ke kwance a ƙasa, ya roƙi 'yan dako biyu su tura na sama. Suka yi nishi, katako ɗaya ya ja da ƙyar, sauran ko gezau.

"Abin da ke zaune ba ya tashi don kansa, sai wani ƙarfi ya tura shi ko ya ja shi. Yanke igiya ba turi ba ne. Mota tana tsaye a miƙe, ko an yanke igiya duka kaya suna nan inda suke. Kuma mutum ɗaya ba zai ture katako arba'in a lokaci guda ba."

Alhaji, da ya matso, ya ce, "Ai akwai bututun ƙarfe a ƙarƙashin lodin, don ya yi sauƙin gangarowa."

"Ko da su, Alhaji, sai an sami mai turi. Dubi nan."

Ya kwance 'yar amalanken daga bayan kekensa, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Ya jera fensir biyu a kanta, ya ɗora 'yan guntayen katako bisa fensiran. Ya ja ta a hankali, kayan suka bi ta. Ya mayar, ya fizge ta da ƙarfi. Amalanken ta yi gaba, guntayen suka zube a baya, kai ɗaya a ƙasa, ɗaya jingine da gindinta.

Illo ya dubi guntayen, ya dubi bayan kamiyo.

"Ba kaya ne suka faɗo ba," in ji Ishaku. "Kaya sun tsaya inda suke. Mota ce ta fice daga ƙarƙashinsu."

Illo ya san wannan da jikinsa, ko da bai taɓa jin an faɗa ba. Raƙumi in ya zabura, mahayi baya yake faɗuwa. Ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa ɗan sandan. Wuri ɗaya ne ya rage a filin nan da ƙafa ba ta taka ba.

*

Ya shiga ƙarƙashin motar da rub da ciki. Ƙarfe na gugar bayansa, yashi na ƙuna, warin man gazuwal ya cika masa hanci. Bai iya ɗaga kai ba, sai dai ya juya shi gefe. Ta kowane ɓangare ƙafafun mutane ne sun kewaye shi.

Amma ƙasar nan tana da tsabta. Ƙarƙashin injin, mai ya ɗiga ya yi tabo kamar faɗin tafin hannu. Ya ja ciki ya yi baya, taki ɗaya, biyu, uku, sai ga wani tabon, babba kamar faifai, ya jiƙa yashi har ciki. Nan injin ya tsaya tun safe. Ya bi sawun taya da yatsa har inda na baya suka fara, ya tarar sun haƙa rami sun watsa yashi baya. Ya juyo da ƙyar ya nufi gaba. Hancin motar yana manne da kututturen wani gawo da aka sare, ɓawon ya ɗaye, cikinsa fari, ɗanye.

Ya fito yana tari, ya buɗe ƙofar direba bai shiga ba. Ƙurar hanyar Gaya ta kwanta a kan kome. A kan abin takawa na hagu, bisa zanen takalmin Abdu, akwai shatin babban yatsa da tudun ƙafa. Ƙafa ce marar takalmi, faffaɗa, mai faso.

Ya kira Ishaku gefe, ya gaya masa abin da ya gani. "Ƙafar ɗan dako ce. Amma su tara ne, kuma dukansu ƙafarsu guda, dako ya baje ta. In na ce wannan ne, na yi kuskure, na ƙara wa mutanen waje nama."

Ishaku ya dubi kututturen. "Baba, dokar nan tana da rabi na biyu. Abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi. Kututture ya tare mota. Wanda ke ciki fa, me ya tare shi?"

Illo ya koma ya leƙa. A saman gilashi, kan ƙarfen da ya riƙe shi, daidai inda goshin dogon mutum zai kai, akwai ɗan jini da ya bushe, da gashi biyu.

Ya juyo ya dubi 'yan dako. Su tara, kowanne da tsumma ɗaure a ka.

*

Bai ce a kama kowa ba. Ya je wajen Alhaji ya ce la'asar ta yi, kuma ga gawa tana jira, a kawo ruwa kowa ya yi alwala a nan ciki. Ya sa aka jera butoci a gaban rumfa, inda Hamsatu take zaune. Ya ce wa Abdulaye ɗan sanda zai tsare ƙofar mangaza, ya zo shi ma.

Suka tsuguna a jere, Alhaji, Abdu, da 'yan dako. Illo ya tsaya bayansu kamar mai jiran buta. Ɗaya bayan ɗaya suka kwance tsumma, suka wanke fuska, suka shafi kai. Abdulaye ya wanke hannu sau uku. Ya kurkure baki. Ya shaƙa ruwa. Sai ya tsaya, ruwa na zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Abdulaye," Illo ya ce a hankali, "saura fuska."

Bai motsa ba. Abdu ya miƙe zumbur ya ce, "Baba, ni ne, ni na bar..."

"Zauna, ɗana. Kai sahu na biyu kake."

Abdulaye ya ɗaga hannu ya warware tsumman. Goshinsa ya kumbura, da tsaga a tsakiya, jini ya manne da ƙyallen har sai da ya fizga. Na kusa da shi suka ja da baya.

Ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce shekara ashirin da shida yana ɗaukar katako a ka, yanzu in ya kwanta hannunsa na dama mutuwa yake yi, likita ya ce ƙashin wuya ne. Tun da Nasara suka tafi, ofisoshin Filato suna neman direbobi, ya ga yara sa'o'in ƙannensa sun sami farmi, takardar izinin tuƙi, suna tuƙa manya. Ya roƙi Abdu, Abdu ya riƙa bar masa makulli ƙarƙashin kujera duk Juma'ar da mota take fili. Yakan yi gaba ya yi baya sau biyu, ya mayar da ita wurinta, ya bi ta ramin ruwa ya tarar da salla a sahun ƙarshe.

"Kullum babu kaya a kanta. Yau na ga kaya, na ce ai gaba kaɗan zan yi. Ban san an kwance igiya ba. Na duba rumfar Sumana ban gan shi ba, na ce ya tahi masallaci. Ban zagaya baya ba, ashe yana kwance a inuwar motar." Ya shafi goshinsa. "Ƙafata ta zame, mota ta yi tsalle. Da na sauko na ga ƙafarsa. Na kama katako ɗaya, ya ƙi. Sai na ji tafiyar mutum, na gudu."

Alhaji ya ce, "Kuma ka tsaya kana kallo za a jefe bawan Allah?"

"Ban bari an taɓa shi ba, Alhaji."

"Amma ba ka buɗe baki ba," in ji Illo.

"Ban buɗe ba. Tun azahar nake cewa yanzu zan faɗa. In na ɗaga kai sai in ga Hamsatu."

*

Illo da kansa ya zare sakatar mangaza. Bulus bai iya tashi ba, sai da Ishaku da Abdu suka tallabo shi, suka zuba masa ruwa a ka. Da ya ji abin da ya faru, ya daɗe yana kallon Abdulaye, sannan ya juya fuska.

Saura na waje. Illo ya sa aka sassauta sarƙa, aka shigo da dattawa uku daga dangin Sumana. Ya kai su ƙarƙashin mota suka leƙa tabon mai, ya nuna musu kututture da ƙarfen gilashi, Ishaku ya sake fizgar 'yar amalankensa a gabansu. Babbansu ya ce a sake, aka sake. Ya fita ya yi wa jama'a magana da Zabarmanci, ya daɗe yana yi. Sannu a hankali dukan ƙofa ya tsaya, aka fara jin duwatsu suna faɗuwa ƙasa ɗaya-ɗaya.

Motar komisariya ta iso, aka buɗe ƙofa. Ɗan sanda ya fito da ankwa, Illo ya girgiza masa kai. Abdulaye ya miƙe da kansa. Da ya zo daidai rumfa sai ya durƙusa nesa da gawar, ya kasa ɗaga ido.

Hamsatu ce ta fara magana. "Abdulaye."

"Na'am, Inna."

"Ya san kana taɓa motar. Tun damina ya sani. Duk Juma'a yakan yi jinkiri a bakin ƙofa, don in Alhaji ya dawo da wuri ya tsayar da shi da magana." Ta gyara zanen da ya rufe ƙafar mijinta. "Jiya ma yake ce mini, in ka sami farmi, kai za ka kai mu Tilaberi mu ga uwarsa."

Abdulaye ya kifa goshinsa mai rauni a cikin yashi. Aka bar shi haka, ba wanda ya taɓa shi, har masu makara suka shigo suka ɗauki Sumana suka fita da shi. Sa'an nan Illo ya sunkuya ya kama shi a hannu.

"Tashi, mu tahi," ya ce.